Ku Tambayi Koci: 'Yan Matan Sakandare Da Ƙwallon Kwando

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda 'yan matan D'Tigress, tim ɗin kwando ta mata ta Najeriya, suka sake ɗauko kofin Afirka a Abijan a 2025, karo na biyar a jere, saƙonnin da ke shigo mana suka canja salo, da can maganar ƙwallon ƙafa ce ta fi yawa, yanzu kuwa iyaye da malamai sai tambayar kwando suke. Ga waɗanda na tsamo na wannan karon, wasu na ɗan taƙaita su saboda wuri.

TAMBAYA: Koci barka da aiki. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Jigawa. Duk shekara in zan haɗa tim dogayen nake tsincewa, amma da mun fita gasar jiha sai wasu gajerun yara su yi ta zagaye mu. Ta yaya zan gane yarinyar da ke da baiwar wasan tun tana JSS?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, wallahi duk wanda ya tsaya wa yaran bodin a fili ya cancanci a gode masa. Tsawo yana da amfani, babu mai musun wannan, kwandon nan mita 3.05 yake daga ƙasa ko ga mace ko ga namiji. Amma in tsawo kaɗai ka bi a JSS1 zai yaudare ka, dalili kuwa 'ya mace tana yin tashin girmanta da wuri, galibi wajen shekara 11 zuwa 12, kuma kamar shekara biyu bayan ta fara al'ada tsawon ya kusa tsayawa. To kaga wadda ta fi kowa tsayi a ajin farko wataƙila ta riga ta gama nata ne, ita kuwa 'yar siririyar nan da ke bayan layi mai manyan ƙafafu da dogon hannu ita ce za ta wuce su duka nan da SS1. In kana son ka yi hasashe ka duba lambar takalminta, ka sa ta buɗe hannuwanta jikin bango ka auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, in ya fi tsayinta to ka sa mata ido, sannan ranar ziyara ka kalli iyayenta da yayyenta.

Ni dai abin da na fi kallo ƙafa ne. Ka fita da yamma lokacin da ba su san ana kallonsu ba, ka ga masu tsallen igiya da masu 'yar gala-gala, akwai wadda in ta dira a ƙafa ɗaya ba ta tangaɗi, tana juyawa hagu da dama ba tare da ta duba ƙasa ba. Ka ga masu carafke, wadda ke jefa dutse sama ta kwashe na ƙasa ta cafe ba ta ko ɗaga kai sosai, wannan ido da hannunta sun riga sun saba da juna, koya mata karɓar fasin ba zai ba ka wahala ba. Kuma ka leƙa wajen 'yan ƙwallon hannu in kuna da su, Hakeem Olajuwon kansa gola ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu ne a Legas, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara kwando, kuma ƙafar nan da ya samo daga can ce ta ɗaukaka shi a Amurka.

Bayan nan sai ka raba su uku-uku a rabin fili ka bar su su buga, kar ka yi ta busa usur. A biyar-biyar yarinya mai kunya za ta iya ɓuya har a tashi ba ta taɓa ƙwallo ba, a uku-uku kuwa babu wajen ɓuya. Ka tsaya gefe ka lura da abin da take yi in ƙwallon ba ta hannunta, tana neman wurin da babu kowa ne ko tsaye take tana jira. In aka ƙwace mata ƙwallo me take yi a daƙiƙar da ta biyo baya, akwai mai tsayawa ta riƙe ƙugu tana hararar wadda ta ba ta fasin, akwai kuma wadda tuni ta juya da gudu ta koma tsaro haƙora a cije, to wannan ta biyun ko da ba ta iya jifa ba tukuna ka riƙe ta da hannu biyu, jifa ana koyarwa. Sai ka nuna musu abu ɗaya sabo, misali buga ƙwallo da hannun hagu, ka dawo bayan sati ka ga wa ta je ta yi ta gwadawa ita kaɗai a bayan hostel.

Dogayen naka kuma kar ka watsar da su, matsalar ita ce mun saba mu kafa doguwa a ƙarƙashin kwando mu ce tsaya nan ki ɗaga hannu, shekara shida tana makaranta ba ta taɓa tafiya da ƙwallo daga wannan kai zuwa wancan ba. Kowace yarinya a JSS, doguwa ko gajeruwa, ta koyi komai, tafiya da ƙwallo da hannu biyu, fasin, tsaro, jifa daga kusa. Raba matsayi sai sun shiga SS. Ezinne Kalu ta D'Tigress da ta riƙa wahalar da Ostareliya da Kanada a wasannin Olamfik na Faris ba ta cikin dogayen tim ɗin.

TAMBAYA: Anti Koci, ni uwa ce daga Zariya. 'Yata shekararta 13, malamarsu ta ce tana da hannu sosai a kwando kuma an zaɓe ta za su je gasa Kano. Babanta ya ce sam, ba za ta sa gajeren wando a gaban maza ba, kuma ba za ta kwana a wani gari ba. Yarinyar nan kwana biyu ko abinci ba ta ci sosai. Ya zan yi?

AMSA: 'Yar uwa na ji miki, na kuma ji wa yarinyar. Amma abu na farko, dan Allah kar ki zagaye babanta, kar a ce masa za ta gidan goggonta alhali tana Kano, ranar da ya gane shikenan wasan ya ƙare har abada kuma ke ma kin shiga matsala. Damuwarsa guda biyu ce kuma duka biyun suna da amsa.

Maganar sutura an wuce wajen tuntuni. Gaskiya ne da can dokar FIBA, hukumar kwando ta duniya, ta hana rufe kai, har a 2014 'yan matan Katar suka fice daga wasannin Asiya a Koriya ta Kudu saboda an ce sai sun cire hijabi, kuma Bilqis Abdul-Qaadir, Musulmar nan 'yar Amurka da ta ci maki sama da 3,000 a sakandare a jihar Masacuset, dokar ce ta tare mata hanyar buga wasan ƙwararru a ƙasashen waje. Ita da wasu suka yi ta fafutuka har FIBA ta canja dokar a watan Mayun 2017, ta fara aiki a Oktoban shekarar. Yanzu yarinya za ta iya rufe kanta, ta sa riga mai dogon hannu a ƙarƙashin jesi da dogon wando, sharaɗin dai kar a rufe fuska kuma kar a sa fil ko wani ƙarfe da zai ji wa wata ciwo. Ki samo yadi mai miƙewa mara nauyi, tela ya ɗinka mata ƙaramin hijabi da za ta cusa cikin wuyan riga yadda ba zai yi ta lilo ba, ta saka kayan duka a gida babanta ya gani da idonsa. Sau da yawa abin da uba ke hangowa a ransa ya sha bamban da abin da zai gani.

Maganar tafiya kuwa ni ina bayansa, yana da gaskiya ya tambaya. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fito da rahoto kan cin zarafin 'yan mata a tim ɗin matasa ta ƙasar Mali, ƙasar da kowa ya san ta fi kowa iya rainon ƙananan 'yan wasa mata a Afirka, kuma abin ya daɗe ana rufewa saboda yaran suna tsoron a cire su daga tim. Saboda haka ku je makarantar ku biyu ku tambayi firinsifal, wace malama mace ce za ta bi su, ina za su kwana, wa ke riƙe da makullin ɗakin, a ba ku lambarta. Babu tirenin na koci namiji da yarinya ɗaya su kaɗai, babu kiran waya da dare. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyin ni ma ba zan ba ta 'yata ba. In da hali ke ko yayanta ku bi su Kano ɗin ai ba nisa. Kuma tunda a Zariya kuke, ki tuna wa Malam cewa garin nan ne ya raini Masai Ujiri, a nan ya fara wasan, ya je ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2019, kwando ba baƙon abu ba ne a Zazzau. Ya fara zuwa kallon wasa ɗaya a cikin makarantarsu kawai, daga nan sai ku ga abin da Allah zai yi.

TAMBAYA: Anti ni 'yar SS2 ce a Jos, shekarata 16, bara na fara wasa. Burina in buga wa D'Tigress. Na makara ne? Kuma ta ina ake bi?

AMSA: Ƙanwata ba ki makara ba, amma waɗanda suka fara a shekara 10 sun ba ki rata kuma sai kin biya bashin nan da zufa. Zan faɗa miki gaskiya yadda take. Tim ɗin da ta doke Ostareliya da ci 75 da 62 ta kuma doke Kanada 79 da 70 a Olamfik na Faris a 2024, ta zama tim ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a kwandon Olamfik, da yawa daga cikinsu a Amurka aka haife su ko can suka yi jami'a. Kociyarsu Rena Wakama ma a Amurka aka haife ta duk da asalinta 'yar Ribas ce. Sun taso da filin katako da gasa duk sati. Wannan ba laifinsu ba ne, mu ne ya kamata mu ji kunyar abin da ba mu gina ba a gida.

Amma akwai hanya ta gida kuma an bi ta. Murjanatu Musa a nan ta buga, da Air Warriors ta Abuja ta ci gasar kulob-kulob ɗin mata ta ƙasa ta Zenith a 2019, daga nan ta tafi Sifen, ta wuce Faransa, kuma tana cikin waɗanda suka je Faris. Matakin farko a wajenki shi ne gasar Milo ta makarantun sakandare da ake yi tun 1999, ana farawa daga jiha, a je shiyya, a ƙare a Legas, kuma masu neman 'yan wasa suna zuwa kallo. Makarantar St. Jude's ta 'yan mata da ke Amarata a Bayelsa ta sha ɗaukar kofin nan, ba don yaransu sun fi namu tsawo ba, sun dai riƙe abin shekara da shekaru ba sa saki. Gasar matasa ta ƙasa da aka daɗe ana yi a Ilorin kafin a koma Asaba ta 'yan ƙasa da 15 ce, ta wuce ki, kar kuma ki bari wani ya ce zai gyara miki takarda ki shiga. Ki tambayi malaminku ko an yi wa makarantarku rajistar Milo, in ba a yi ba ki je hukumar wasanni ta jiha ki nemi kocin kwando na mata, Jos gari ne na wasa za ki samu inda ake tirenin.

Abin da za ki yi ke kaɗai kuwa, hannunki mara ƙarfi shi ne aikinki na wannan shekarar. Kullum minti 15 kina buga ƙwallo da shi ido a sama, ki yi jifa da shi a gindin kwando. Kar ki ruɗu da jifan maki uku da kike gani a waya, layin nan mita 6.75 ne, in kika fara daga can da ƙarfin da ba ki da shi za ki koyi wurgi daga ƙirji kuma gyara shi ya fi koyon sabo wuya. Ki fara taku biyu daga kwando, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, sai ta shiga sau biyar a jere ki ja baya taku ɗaya. Sannan ki zama wadda ba a son a haɗu da ita a tsaro, duk koci yana da gurbin yarinyar da ke hana wasu ci. WAEC ɗinki kuma kar ki yi wasa da ita, jami'o'in Amurka ba sa ɗaukar ɗan wasa in sakamakonsa bai cika ba komai iyawarsa.

TAMBAYA: Koci, wani mutum ya ga bidiyon ƙanwata a Facebook ya ce shi ejan ne, zai samo mata sukolashif a Amurka, amma mu tura kuɗin fom da na biza, kuma a rage mata shekara biyu a fasfo. Mu yarda?

AMSA: A'a ɗan uwa, kar ku tura ko sisi. Makarantar da ke son yarinya da gaske kocinta ne zai yi magana da iyaye da makarantarta kai tsaye, da adireshin imel na makarantar wanda za ku iya dubawa a intanet, kuma kuɗin biza hanyar ofishin jakadanci ake biyansa ba asusun wani mutum ba. Wanda ya fara da cewa a yi ƙarya a fasfo ya riga ya nuna muku ko shi wanene, kuma ranar da abin ya tonu yarinyar ce za a kora a hana ta biza, shi ya canja layi. Kar ku ba shi fasfo ɗinta, kar ku ba shi lambarta.

TAMBAYA: Malama ce ni daga Maraɗi, ina da 'yan wasa biyu masu kyau amma ɗaya kullum gwiwa, ɗayar kuma minti kaɗan ta fara haki da jiri. Wasu na cewa lalaci ne. Kuma ya ake yi da azumi?

AMSA: Malama ba lalaci ba ne sai an tabbatar, kuma ni ban cika ganin malalaciya ta zo fili da ranar Maraɗi da ƙafarta ba. Mai hakin nan ku kai ta a auna jininta. Ƙarancin jini ya yi yawa a 'yan mata masu tasowa saboda al'ada da kuma abincin da babu sinadarin ƙarfe isasshe, ga zazzaɓin cizon sauro yana ƙara ci. Ki ɗan ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, in ta yi fari-fari alama ce, amma likita ne zai yanke. Wake, zogale, hanta, ƙwai in an samu, kuma a daina haɗa shayi da cin abinci don yana rage shigar sinadarin a jiki. Akwai kuma yaran da ke fashin tirenin duk wata ba sa faɗin dalili, ba su da audugar mata ko suna tsoron ta ɓata musu kaya a gaban mutane, wannan ke mace ce kin fi kowa sanin yadda za ki ja su gefe, ki ajiye 'yan kaya a jakarki.

Gwiwa kuwa ki ɗauke ta da muhimmanci, mata sun fi maza tsinkewar jijiyar cikin gwiwa a wasannin tsalle da juyi, kuma aikin gyaranta ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, sau da yawa daga nan wasan yarinya yake ƙarewa. Ki sa ta diro daga kan benci ki tsaya gabanta ki kalli gwiwoyin, in suna karyowa ciki suna neman haɗuwa to a nan matsalar take. Ki koya mata dira a hankali, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, ɗuwawu baya, ba ƙara. Minti 10 kafin kowane tirenin a yi wannan da tsayuwar ƙafa ɗaya da tsugunno, duk tim ɗin ba ita kaɗai ba. Filayenmu siminti ne ba sa yafiya, saboda haka ban da silifas ban da ƙafa ba takalmi, kambas na gwanjo mai kaurin ƙasa ya wadatar. In gwiwar ta kumbura ko tana sullewa a tsaya a ga likita, kar a kai ta a ja.

Da azumi a rage gudu, a mayar da shi watan gyaran hannu, jifa da fasin na ɗan lokaci dab da shan ruwa, ko in makarantar kwana ce bayan an sha ruwa an huta.

TAMBAYA: Ni firinsifal ce a wata makarantar jeka-ka-dawo a Katsina, ina so in fara amma ba mu da fili kuma kuɗin ba su da yawa.

AMSA: Hajiya Allah Ya saka da alheri, ki fara da rabi. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, amma uku-uku da kwando ɗaya ake yi kuma wasa ne da ake bugawa har a Olamfik tun na Tokiyo, saboda haka daɓe mai faɗin mita 15 da tsawon 11 ya ishe ki. Mai walda zai haɗa miki turke da zobe, kafinta ya yi allo, a tabbatar dai zoben ya tsaya a mita 3.05 kuma a naɗe gindin turken da tsohuwar katifa saboda karo. Ƙwallo ki sayi lamba 6 ita ce ta mata, kar a kawo miki lamba 7 ta maza don ita ta fi yawa a kasuwa, ta roba wadda ke jure siminti, guda huɗu ko biyar sun fi ɗaya mai tsada amfani don yara su daina tsayuwar layi suna jiran ƙwallo. Ki zaɓi wajen da ke cikin katanga inda masu wucewa ba za su taru suna kallo ba, wannan kaɗai zai sa iyaye da yawa su amince.

Tunda jeka-ka-dawo ce, ki sa wasan cikin lokacin makaranta, in kika ce a dawo da yamma Islamiyya da aikin gida za su cinye miki yaran, kuma waɗanda suka fi iyawa su ne za ki fara rasawa da sun shiga SS. Ki nemi malama mace ɗaya mai sha'awa ko da ba ta taɓa bugawa ba, ki tura ta wajen kocin jiha ta koyi abubuwan farko, ki kuma kira iyaye taron PTA su ga kayan da yaran za su saka kafin a buga ƙwallon farko. Ki fara da 'yan JSS1 da JSS2, su ne za su kai miki makarantar gasar jiha nan da shekara uku.